Tagogi Tara, Awo Ɗaya

Daga cikin sababbin tagogi tara da aka yi wa gidan Inna, guda ɗaya ce ta shiga gurbinta, ita ma a ɗakin shirgi. Bakwai suna jingine a baranda, har yau da ledarsu. Ta taran tana jikin shagon wani kafinta a bayan layi, an kuma ce ta yi wa shagon kyau. Ɗakin Inna kuwa, wanda dominsa aka tayar da aikin gaba ɗaya, tagar da ke jikinsa yanzu ita ce wadda aka ɓamɓare mako shida da suka wuce, bisa hujjar cewa ta gama aiki.

Inna tana da shekara saba'in da takwas, da ciwon asma, da 'ya'ya uku. Babbansu shi ne Safiyo, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana auna filaye kafin ya yi ritaya. Mai bi masa ita ce Nas, tana aikin asibiti a wani gari mai nisan awa huɗu a mota, tana zaune a hawa na uku. Sai Auta, malamar lissafi, mai shekara arba'in da ɗaya. Ita ce ke zaune da Inna a gidan, saboda haka ita ce ba a tambayar ra'ayinta.

Maganar ta samo asali ne a ƙarshen daminar bara. Feshin ruwa ya shiga ta tagar Inna, ya jiƙa katifa, sanyi ya sauka mata a ƙirji. Ta yi kwana shida a asibiti da robar iska a hanci. Ranar da za a sallame ta, Nas ta tsaya a bakin gado ta yanke hukunci a gaban kowa.

"Inna, in ruwa ya ƙara shiga ɗakinki, ko cikin cokali ne, zan zo in ɗauke ki. Na riga na gyara miki ɗaki a wurina."

"A saman benen?"

"Akwai iska mai kyau."

"Ai iskar ce ta kawo ni nan," in ji Inna.

Inna ta taɓa yin mako uku a gidan Nas. Ta ƙirga matakalar, arba'in da shida, ta hau sau ɗaya ta sauka sau ɗaya. Tagar ɗakin da aka gyara mata tana kallon tankin ruwa. Tata ta gida kuwa tana kallon layi. Daga nan take sanin wanda ya fita aiki da wanda aka kora, ta nan mai kayan miya ke miƙo mata ciniki, ta nan maƙwabta ke gaishe ta ba tare da sun cire takalmi ba. Shekara hamsin da shida ke nan. Ba ta yi wa kowa jawabi a kan wannan ba. Abin da kawai ta ce a motar komawa gida shi ne a sa wa tagar sabon foti, wato abin da ke riƙe gilashi a jikin katako, domin na da ya zube.

Safiyo ya ce foti faci ne, shi kuma ba a san shi da faci ba. Za a sauya tagogin gidan gaba ɗaya da na alminiyom, masu zamiya. Aka buɗe zauren iyali a waya, aka kafa kwamiti. Safiyo ya zama shugaba, ya kuma karɓi aikin sakatare don kada a samu ruɗani. Kwamitin ya kwashe rani gaba ɗaya, wata bakwai, yana muhawara a kan launin gilashi. An amince da ruwan toka a makon da hadari ya fara haɗuwa.

Akwai abu ɗaya game da gidan da kowa a cikinsu ya sani, ko ya kamata a ce ya sani. Marigayi Baba direban babbar mota ne, kuma ba a rana ɗaya ya gina gidan ba. Duk inda ya ga ana rushe tsohon gini a tafiye-tafiyensa, sai ya tsaya ya nemi taga. In ya samu mai kyau ya ɗaure ta a bayan mota ya kawo gida, ta zauna shekara ɗaya ko biyu, har ya samu halin gina mata ɗaki. Taga ce ke fara zuwa, bango ya biyo baya. Ta falo daga wata makaranta ta fito, ta kicin daga wani ɗakin magani, ta banɗaki ba wanda ya san asalinta. Ta Inna, koriya mai gilashi shida, ita ya fara kawowa, tun Safiyo yana goye.

Ranar awo Safiyo ya iso da ƙarfe goma na safe, da hular rana, da littafi mai baƙin bango, da tef ɗin ƙarfe wanda ofis ya ba shi aro tun yana sabon ma'aikaci. Ya zaga gidan sau ɗaya, hannu a baya. Ya tsaya a tagar ɗakin shirgi, wadda ita kaɗai ce a inuwa a wannan lokacin. Auta ta riƙe bakin tef. Ƙafa huɗu a tsaye, ƙafa uku da inci biyu a kwance. Ya auna sau biyu, ya rubuta, ya ja layi a ƙasa, ya ƙara da "sau tara". Ya naɗe tef.

"Yaya, sauran fa?"

"Sauran me?"

"Sauran tagogin."

"Ke da kike koyar da lissafi ba ki san samfur ba? In likita zai gwada jininki, duka yake zuƙewa?"

"A'a, amma dai..."

"Na auna filayen da suka fi unguwar nan girma sau goma. Taga ce za ta gagare ni?"

A wannan gidan ba a maimaita awon Yaya. Doka ce da ba a rubuta ba, amma tana da tarihi. Telan da ya taɓa ce masa "bari in sake gwada ƙugun" ya rasa ɗinkin gidan na shekara ashirin. Auta tana da rula biyu a jakarta ta makaranta. Ta bar su a ciki.

Inna, wadda ke kallonsu ta tagarta, ta ce, "Tagogin gidan nan fa ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne."

Safiyo ya dubi Auta ya rage murya. "Ta fara tuna Baba."

"Allah ya jiƙansa," in ji Auta. A nan aka rufe zancen.

Mai alminiyom ya yi nasa ƙoƙarin. Da aka miƙa masa takardar a shagonsa, ya juya ta gaba da baya yana neman sauran awon.

"Ranka ya daɗe, mu a aikinmu mu muke zuwa mu auna da kanmu."

"Shekarunka nawa?"

"Talatin da huɗu."

"Ba a haife ka ba na fara riƙe tef."

Mai alminiyom ya ce haka ne, Allah ya ƙara girma. Ya roƙi alfarma ɗaya, a sa masa hannu a ƙarƙashin awon. Safiyo ya ji daɗin wannan. Tun da ya yi ritaya ba wanda ya nemi sa hannunsa a kan komai. Ya sa, ya ƙara kwanan wata, ya ja layi biyu.

Jadawalin kwamiti ya ce Talata a cire tsofaffi, Laraba a kafa sababbi. Aka kira kafintan bayan layi. Takwas daga cikin tagogin suka fita ba gardama, domin gara ta riga ta yi rabin aikin. Ta Inna ta cinye masa awa biyu da bakin cizal guda.

"Wannan katakon yanzu ko da fitila ba a samunsa," in ji kafinta yana share gumi. "Foti kawai take so. Aikin rabin yini ne."

"Ba gyara muka zo yi ba, sauyi muka zo yi," in ji Safiyo. "Kwashe su duka, na ba ka."

Inna tana zaune a kujera a baranda. Da aka zo wucewa da tagar ta gabanta, ta sa aka tsaya. Ta ce a kwance mata sakatar. Aka kwance, ta ɗaure ta a gefen zane. Safiyo ya rubuta a zauren waya cewa kashi na farko ya kammala cikin nasara, Inna ma ta riƙe abin tunawa.

Larabar mai alminiyom ta zo bayan kwana tara. A tsakanin nan aka toshe ramukan da leda da kwali. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya a ƙofar gidan. Wata maƙwabciya ta shigo jaje, a zatonta gobara aka yi. Inna ta ce mata ba gobara ba ce, ci gaba ne. Ta ƙara da cewa yanzu ita da gidan sun yi kama, duk giɓi.

Ranar da tagogin suka iso, aka fara da ɗakin shirgi saboda shi ne kusa da ƙofa. Tagar ta zauna daram, kamar tare aka haife su da bangon. Safiyo ya ɗauki hoto ya tura da rubutu, "Aiki ya kankama." Nas ta amsa da tafi.

Aka wuce kicin. Tagar ta fi ramin da taƙi guda. Aka wuce falo. Ramin ya fi tagar da abin da akuya za ta bi ta gefe ba ta sunkuya ba. Ramin banɗaki ƙafa ɗaya da rabi ne, ba a ma wahalar da kai wajen ɗaga tagar ba. A ɗakin Inna, ramin ya gaza da inci huɗu a faɗi, ya yi rarar ƙafa guda a tsayi. Mai alminiyom ya gwada ta a tsaye, ya gwada a kwance, don dai a shaida ya gwada. Sannan ya jingine ta, ya sa hannu a aljihu ya zaro takarda.

"Ranka ya daɗe, ga sa hannu."

Safiyo ya karɓa ya duba, kamar mai tantance ko nasa ne. Ya zaro tef ya auna sabuwar tagar. Ƙafa huɗu, ƙafa uku da inci biyu. Ya auna ramin. Ya daɗe yana kallon tef ɗin. Har mai alminiyom ya fara tausaya masa.

"Awo daidai yake," in ji Safiyo. "Ginin ne ba daidai ba."

Mai alminiyom ya ce yana iya yanka wasu ya sake wasu, mako uku, amma sai ya auna kowane rami da hannunsa. Safiyo ya ce ba za a lalata tagogi masu lafiya saboda bango marar tarbiyya ba. A kira birkila, a gyara ramukan su bi awo. Auta ta buɗe baki. Ya ɗaga mata yatsa ɗaya, ta rufe. Kwamiti ya ƙara mako guda yana nazarin wane birkila.

Wanda aka samu dattijo ne marar yawan magana. Aka ce ya fara da ɗakin Inna, tunda shi ne mai muhimmanci. Ya ƙwanƙwasa saman ramin da ƙotar guduma, ya kara kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

"Babu linta," in ji shi. "Ba a zuba kankare a saman nan ba. Bulo ne kawai aka jera a kan katakon. Tagar ce ke ɗauke da bangon."

"Taga ba ta ɗaukar bango. Bango ke ɗaukar taga. Ɗan aji ɗaya ma ya san wannan."

"Ni ban yi aji ɗaya ba, ranka ya daɗe. In sara?"

"Sara."

A bugu na biyar tsaga ta tashi daga kusurwar ramin ta miƙe har silin, faɗinta ya isa yatsa. Birkila ya ajiye guduma, ya nemo katako biyu ya tokare bulon, ya wanke hannu. Ƙadangaren farko ya shiga kafin la'asar.

Washegari, Alhamis, aka yi ruwan farko, da misalin ƙarfe uku na rana. Iska ta fara ɗauke ledar falo, ta biyo da ta ɗakin Inna. Auta da birkila suka ɗauki katifa suka ruga da ita ɗaki ɗaya tilo da ke da taga a gidan. Haka Inna ta koma ɗakin shirgi, tsakanin tayoyin motar Baba guda biyu, da keken ɗinkin da ya mutu, da fanka marar kai, da kwalayen takardun makarantar Safiyo waɗanda ya hana a ƙona. Sabuwar tagar tana zamiya ba ƙara, yatsa ɗaya ya isa ya tura ta. In an tura, ana ganin bangon maƙwabci, mai nisan kamu ɗaya. Inna ta tura sau ɗaya, ta gode, ta mayar.

Ta yi kwana goma sha huɗu a wurin. Ƙurar shekara talatin ta fara aikinta a ƙirjinta tun kwana na uku.

Ranar Lahadi ta biyu Nas ta kira ta bidiyo. Safiyo ya zaunar da Inna a gaban sabuwar tagar, ya sa Auta ta janye taya ɗaya da ƙafa, ya riƙe wayar da kansa a kusurwar da ya auna.

"Kai, Inna! Ɗakin ya canza gaba ɗaya!"

"Sosai ma," in ji Inna.

"An ce kun samu ruwa. Bai shigo ba?"

"Nan ɗin? Ko ɗigo."

Ba wanda ya yi ƙarya. Safiyo ya fara sallama, yana yabon ƙoƙarin kwamiti. Sai Inna ta yi tari. Ba mai tsawo ba ne, amma yana da wani siririn fito a ƙarshensa, kuma Nas ta yi shekara ashirin da shida tana sauraron irinsa.

"Sake yi in ji."

"Ba a sake tari, 'yar nan."

"Asabar ina nan tafe," in ji Nas, ta kashe.

Safiyo ya kira taron gaggawa na ranar Laraba. Inna ba ta jira Laraba ba. Litinin da hantsi ta ce wa Auta ta ɗauko mata mayafi da sanda.

"Ina za mu, Inna? Yaya ya ce a jira..."

"Yayanki na haifa, ba shi ya haife ni ba. Riƙe ni."

Tafiyar minti biyar ce, suka yi ta a ashirin. A bayan shagon kafinta suka tarar da tagogi takwas sun zama akurkin kaji mai hawa biyu, kowace kaza da gilashinta. Ta makaranta ce ƙofa. Ta tara kuwa tana jikin shagon, an sa mata sabon foti, an goge gilashin shida, an sake mata fenti kore. Kafinta yana zaune a bayanta yana kallon layi.

"Uwata! Da kanki? Ai da kin aiko."

"Aike ne ya kai ni ɗakin shirgi. Tagata na zo ɗauka."

Kafinta ya sosa ƙeya. "Uwata, kyauta fa aka ba ni."

"Wa ya ba ka?"

"Babban ɗanki."

"Shi ya kawo ta gidan?"

"A'a."

"To ya ba ka abin da ba nasa ba. Yana goye aka sauke ta daga mota." Ta kwance gefen zane ta nuna masa sakatar. "Da me kake rufe ta?"

"Da ƙusa," in ji kafinta a hankali.

"Ka ji. Ko ita ba ta yarda da kai ba."

Kafinta ya ce gaskiya ya saba da ita, kuma in ya cire zai bar rami a shago, ga damina. Inna ta ce akwai sababbi takwas a barandarta, masu zamiya, ya zaɓi wadda ta yi masa, duk da dai ba sai ya wahala wajen zaɓe ba.

"Ba za ta shiga ramin ba, uwata. Ta fi shi faɗi."

"Shagonka na katako ne. Ka yanka mata wuri. Haka mijina ke yi, taga ba ta taɓa ƙin shiga ba."

Talata da safe tagar ta dawo gida a kan baro. Safiyo ya iso ya tarar ana sauke ta. Ya tambayi wa ya ba da izini. Auta ta nuna ɗakin shirgi da baki. Ya shiga, ya yi minti uku, ya fito ya sanar cewa kwamiti ya amince da wannan a matsayin mataki na wucin gadi.

Saura matsala ɗaya. Birkila ya riga ya sare gefen ramin, dole a san abin da za a cike kafin a ɗaga tagar, kuma bangon da ke tokare da katako ba ya son a yi ta gwaji a jikinsa. Safiyo ya sa hannu a aljihu ya zaro tef.

"Ajiye wannan abin," in ji Inna daga kujerarta. "Auta, ina rularki?"

Auta ta shiga ɗaki ta fito da rular roba ta 'yan makaranta, mai tsawon ƙafa ɗaya, wadda wani ɗalibi ya tauna ƙarshenta. Ta auna ramin sama da tsakiya da ƙasa. Ta auna tagar sama da tsakiya da ƙasa. Ta sake aunawa. Ta ce inci biyu da rabi a hagu. Duk wannan lokacin Safiyo yana nazarin sama, ya kuma sanar cewa da alama za a yi ruwa cikin makon.

Birkila ya cike inci biyu da rabi. Tagar ta shiga, bulon ya zauna a kanta, aka zare katakon tokara, bango bai ce komai ba. Aka ɗinke tsagar da siminti. Kafinta ya mayar da sakatar da sukurori huɗu. Inna ta koma ɗakinta ranar Alhamis, mai kayan miya ya yi mata barka da dawowa daga tafiya.

Nas ta iso Asabar da ƙarfe sha ɗaya. Ta tsaya a baranda ta ƙirga tagogin da ke jingine. Ta zaga gidan ta ƙirga ledoji. Ta leƙa ɗakin shirgi, ta gane tagar, ta gane kujerar, ta ga tayoyin.

"Yaya, a nan kuka sa ta?"

"Ɗakin ba ya yoyo."

"Tara aka ce an yi. Ɗaya na gani a bango."

"Aikin yana kan mataki-mataki."

"Wane ne ya auna?"

Nas ta dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Nas ma a gidan ta girma. Ba ta sake tambaya ba.

Ta shiga ɗakin Inna, ta bi sabon simintin da yatsa daga kusurwa har inda hannunta ya kai. Ta danna fotin da farce. Ta sa abin sauraro a ƙirjin Inna, gaba da baya, ta sa ta ja numfashi sau shida. Sannan ta sauko da jaka daga saman kabad ta fara ninke zannuwa.

"Me kika ce a asibiti?" in ji Inna.

"Na ce in ruwa ya ƙara shiga ɗakin nan. Ya shiga. Ga shatinsa a bango."

"Ya shiga lokacin da taga ba ta nan. Wanda ba ya nan ba a kama shi da laifi."

"Inna, ba kotu muke ba."

"Ai ke kika yanke hukunci. Tagar nan shekara hamsin da shida, sau ɗaya ta jiƙa ni, shi ma na faɗa muku maganin. Ku ne kuka yi wata takwas kuka jiƙa ni da gida gaba ɗaya. In wani za a ɗauke, ba ni ba ce."

Nas ta ci gaba da ninkewa har ta cika jakar, ta zuge, ta ajiye ta a bakin ƙofa. Ta tsaya tana kallon tagar. A lokacin wata mata ta wuce ta gaida Inna, ta tambayi jiki, Inna ta tambaye ta ko yaron ya samu aikin. Nas ta jira suka gama. Ta fita kicin ta dawo da farin baho, ta ajiye shi a ƙarƙashin tagar, daidai inda tsagar ta sauko. Ta yago shafin jarida ta shimfiɗa a ciki. Ta zaro biro ta sa hannu a tsakiyar shafin, da kwanan wata, don kada a sauya mata shi.

"Ruwan farko da za a yi daga yau," in ji ta. "Auta, ki turo min hoto, da sa hannuna a ciki. In takardar nan ta jiƙe, Inna, babu shawara, babu kwamiti. Jakar kuma kada a kwance."

Safiyo ya ce in ana bukatar a san yawan ruwan da ya taru, yana da abin awo a gida. Ba wanda ya karɓi tayin.

Nas ta koma Lahadi. Yau kwana tara ke nan. Ramuka bakwai suna nan da leda, kwamiti zai zauna a kansu a ƙarshen wata, kuma mai alminiyom ya aiko cewa a shirye yake ya zo da tef ɗinsa duk ranar da aka ga ya isa. Inna tana zama a tagarta daga hantsi zuwa la'asar kamar da, sai dai maƙwabta sun lura yanzu tana kallon sama fiye da layi. Tarin ya ragu, bai tafi ba. Jakar tana bakin ƙofa, bahon yana gindin taga. Hadari ya haɗu sau huɗu ya watse. Takardar a bushe take, domin har yanzu ba a yi ruwa ba.